Ranar da allurar Inna ta tafi talla

Ni mai kilishi ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗan mahauci kuma jikan mahauci. Tun ban kai shekarun kaciya ba nake riƙe ƙafar sa ana yankawa, ganin jini bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Na fara da wannan ne saboda akwai wani labari da ke yawo a kaina a unguwar Yelwa, kuma masu yaɗa shi suna ƙara masa gishiri.

Yaya ne ya jawo komai. Yana zaune a Faransa, kuma tun da ya je can ya zama likitan gidanmu ta WhatsApp. Da hunturu ya kama, hazo ya rufe gadar Binuwai, sai ga kiransa. Wai a can tun watan Oktoba ake fara yi wa mutane allurar rigakafin mura, duk wanda ya kai shekara 65 kyauta ake masa. Inna ta wuce saba'in, ga ciwon sukari, don haka in kai ta. Na ce Yaya, mura fa? Abin da citta da kanumfari da man zafi ke kora? Ya ce ba murar atishawa yake nufi ba, babbar yake nufi, mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda ke sauka ƙirjin tsoho ta zama limoniya. Har da karanto mini lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Na yi shiru. Sai ya ƙara da abin da ya ɓata mini rai: "Kai ma a yi maka. Kai ke yini a kasuwa kana kwaso tarin jama'a kana kawo mata gida."

Ya turo kuɗin mutum biyu. Mai turo kuɗi kuwa ba a musu da shi.

A nan garin, kai za ka je famasi ka sayi abinka, sannan ka nemi mai yi maka. Mai famasi ya ciro kwali biyu daga firji, kowanne da sirinjinsa a ɗure, ya yi mini gargaɗi da Faransanci, ya maimaita da Fulatanci don kada in ce ban ji ba: maganin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. In ya sha rana ya lalace, in ya daskare ma ya lalace. Na ce wannan magani ya fi amarya shagwaɓa.

Na iso gida, ba wuta. Firjinmu ya zama kabad tun asuba. Uwargida kuwa tana yin zoɓo na sayarwa, wanda mutanen nan ke kira folere, kuma ta riga ta shirya kularta da ƙanƙarar da ta sayo. Ta karɓi kwalayen, ta naɗe su a tawul, ta sa a leda, ta ɗora saman robobin yadda ba za su taɓa ƙanƙara ba. Ni kuma na zaga baya in juya naman da na shanya a kan asabari, don iskar hunturu ba ta jiran kowa, in ka yi sakaci sai ka tarar ya bushe ya wuce misali kafin ya ga labu. Inna tana ɗaki tana zaɓen mayafi, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Na dawo tsakar gida, babu kula. 'Yar ƙanwata da ke yi wa uwargida talla ta ɗauka ta yi gaba.

Na fita da silifas ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na uwargida. Na tare ɗan acaɓa, ya ce ina za mu, na ce bi duk yarinyar da ka gani da shuɗiyar kula a ka. Ya waiwayo ya dube ni, don a Garwa rabin 'yan talla shuɗiyar kula gare su. Muka yi Babbar Kasuwa, na buɗe kular wata baiwar Allah na tarar da kunun aya, ta bi ni da zagi har da na kakannina. Muka yi tasha, wani mai shayi ya ce ya ga irinta ta yi wajen unguwar Lofere. Safiyar hunturu a garin nan yaudara ce, kafin azahar rana ta dawo da halinta, ni kuma ina bayan babur ina lissafin ƙanƙara tana narkewa, kuɗin Yaya na narkewa tare da ita.

A bakin filin ƙwallon Rumde Ajiya muka same ta, inda aka buga wasannin Kofin Afirka a farkon 2022. Tana ƙarƙashin dalbejiya, 'yan acaɓa sun kewaye ta. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya zaro ledar, yana jujjuya ta yana tambaya ko sabon abu ne aka fito da shi, nawa ɗaya. Yarinyar nan, da yake jinin kasuwa ne a jikinta, har ta buɗe baki za ta yanka masa farashi. Na fizge kayana, na ɗauki kular gaba ɗaya, na bar ta tana kiran "Kawu, cinikina fa!"

A asibitin unguwa, malamar ta taɓa kwalayen ta ji da sanyinsu, ta tambayi ko sun kwanta kan ƙanƙara, na ce a'a, ta ɗaga sirinjin ta duba a haske. Ta ce wanda ya naɗe su ya san abin da yake yi. Na karɓi yabon, tunda uwargida ba ta wurin.

Sai ta tambaye ni: "Alhaji, kana cin ƙwai?" Ni da ban karya ba, na ɗauka karamci ne. Na ce biyu sun isa, a sa albasa. Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ashe yawancin wannan rigakafi a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayar cutar kafin a kashe ta a tace, shi ya sa take tambaya ko ƙwai na tayar wa mutum da borin jini.

Inna aka fara yi wa. Ta zame mayafi, ta miƙa damtse, goro na bakinta, tana ba malamar labarin tsadar gero. An soka an zare ba ta ko katse zancen ba. Ta ce, "'Yata, har kin gama?"

Da aka zo kaina sai na ga ya kamata a tattauna. Na ce an yi mini allurai lokacin da za ni Makka, ai suna nan a jiki. Ta ce ƙwayar mura kowace shekara sai ta sauya kama, shi ya sa masana ke zama a watan Fabrairu da kuma Satumba su zaɓi irin da za a sa a sabon rigakafi, na bara ba ya aikin bana. Na ce an ce allurar kanta tana sa mura. Ta ce matacciyar ƙwaya ba ta kama kowa, iyaka hannu ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu, kuma sai an yi kamar mako biyu kafin jiki ya gama shiri. Dabara ta ƙare. Na miƙe na fara kwance tazuge. Ta ce, "Alhaji, don Allah! A hannu ake yi." Inna ta juya fuska bango tana salati.

To, a nan ne labarin ya rabu biyu. Abin da na sani, ta goga auduga mai sanyi a kafaɗata, na ga tsinin allurar, sai na ji ɗakin ya ɗan karkata, na ga dacewar in kishingiɗa. Mutumin da ya zaga rabin Garwa a kan babur ba karin kumallo yana da haƙƙin ya kishingiɗa. Su kuma suna cewa suma na yi. Na dai buɗe ido na ga ƙafafuna a kan kujera, Inna na yi mini fifita da mayafin da ta ɓata safiya tana zaɓa, malamar na ɗura mini zoɓon uwargida. Na tambayi yaushe za a yi allurar, aka ce an yi tun ɗazu. Rabin mililita ne duka-duka.

Kafin la'asar labari ya riga ni isa rumfa. Yaran da nake koya wa yanka suka zo gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, fuska a sunkuye, kafaɗu na rawa. Wani abokin sana'a ya aiko tambaya ko a riƙa ɓoye tsinken tsire in zan wuce.

Da dare uwargida ta shigo da takarda. Roba uku da aka ɗura mini a asibiti, biyu da ɗan acaɓa ya sha a kan hanya, ƙanƙarar da ta narke, da cinikin yini guda da na kashe mata. Na ce ta tura wa Yaya, shi ya fara. Ta ce ta riga ta tura, ya ce kuɗin allura ya ɗauka, bai ɗauki na suma ba.