Allurar da Ta Fito a Huhuna

Akuya ce ta kayar da ni da babur wajen Ƙofar Ƙaura. Ita ta miƙe ta karkaɗe kunne ta wuce abinta, ni kuwa ko tari na yi sai haƙarƙari ya soke ni. Likita ya danna nan ya danna can, ya ce in je a yi mini hoton ƙirji.

Mai ɗaukar hoton yaro ne, sa'an ɗan farina. Ya tambayi sunana sau biyu, ya gwada da na takarda, ya miƙo mini rigar asibiti. "Baba, a cire duk wani ƙarfe, makulli ko tsabar kuɗi. Akwai laya?"

Na ce, "Haba ɗana, ni da nake sahun farko a masallaci?"

To, akwai. Kakata ta Daura ce ta rataya mini ita tun ina saurayi, wai maganin ƙarfe. Na shiga bayan labule na bar ta ƙarƙashin rigar.

Ya manna ƙirjina da wani allo mai sanyi, ya ɗaga mini haɓa, hannuwa a ƙugu, ya turo kafaɗuna gaba don kada allon kafaɗa ya rufe huhu. Sai na ga ya sulale bayan bango.

"Kai! Ka ce ba haɗari, kuma ka gudu?"

"Baba, ku sau ɗaya za a haska ku, ni nan nake wuni. Bangon nan akwai darma a cikinsa, wannan ɗan abin da ke maƙale a rigata kuma shi ke lissafin hasken da jikina ya sha. Ku ja numfashi, ku riƙe!"

Na riƙe. Ashe tuni ya ce in saki, ban ji ba, sai da idona ya fara ganin taurari.

Ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya kira ni. "Baba, kun taɓa haɗiye allura?" Ga ta nan fara tas, kwance a kan huhuna na dama. Gabana ya faɗi. Har na fara lissafin masu bina bashi kafin na tuna da kaka. Na zaro layar a hankali, kamar ɓarawon da aka kama da kaza.

Yaron nan bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Cewa kawai ya yi tun 1895, da Bajamushe Röntgen, wanda ya gano irin wannan hoton, ya haska hannun matarsa, zobenta ya fito ɓaro-ɓaro, ƙarfe ba ya ɓuya.

Aka sake hoton. Na ce, "To, akwai karaya?" Ya ce nasa ya fitar da hoto mai kyau, fassara ta likita ce. Na yi magiya, ko gezau.

Likita ya ce buguwa ce kawai. Da na ba Hajiya labari, sai ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce dama kaka ba ta ce layar tana maganin akuya ba.