Ƙannena mawaƙa, ku ji tausayin muryoyinku

Ƙannena mata da ke kwana a situdiyo a Tudun Wada, da ku da ake ɗauka waƙar biki daga Kawo har Rigasa, da ku nake. Yadda kuke wasa da muryoyinku yana tayar mini da hankali, shi ya sa zan ba ku labarin Julie Andrews, shahararriyar mawaƙiya kuma 'yar wasa.

An haife ta a Ingila a 1935. Tana 'yar shekara 12 ta fara rera waƙa a wani babban dandali na Landan, a 1948 kuma ta yi waƙa a gaban Sarki George na shida. Duk wannan ɗaukakar ba ta sa ta daina zuwa ɗaukar darasi wurin malamarta, Lilian Stiles-Allen, ba. Sana'arta wasan dandali ne mai haɗe da waƙa, inda ake tsayawa gaban jama'a dare bayan dare, babu na'urar gyara murya, babu a tsaya a sake ɗauka. A 1956 ta fito a wasan My Fair Lady a birnin New York, ta yi suna sosai, amma da aka zo mayar da shi fim sai aka ba Audrey Hepburn matsayinta, don ita Julie ba a san fuskarta a fim ba. A shekarar da fim ɗin ya fito, 1964, ita ma ta fito a fim ɗin Mary Poppins, kuma da shi ta ci Oscar, babbar kyautar 'yan fim ta Amurka. Horon da ta sha tun tana yarinya ne ya sa da wata ƙofar ta buɗe, ta same ta a shirye.

Sai 1997. Bayan ta daɗe tana wani wasa a New York, maƙogwaronta ya samu matsala, aka yi mata tiyata. Ta tashi, muryar waƙa ta tafi. Ta kai ƙarar likitocin, aka sasanta a 2000, amma kuɗi bai dawo da muryar yadda take ba. Mace ce fa da ta yi shekara 50 tana tattalin muryarta kamar ƙwai a cokali.

To ke fa, ƙanwata? Kin yi waƙa wajen kamu, kin yi wajen dina, kina ɗaga murya ki rinjayi ƙarar janareto da sifika. Gari ya waye muryarki ta dishe, ga ƙurar hunturu, ki tauna citta da kanumfari ki wuce situdiyo, don mai ɗaukar sauti ya ce kwamfuta za ta gyara. Kwamfuta sauti take gyarawa, kumburin da ke maƙogwaronki yana nan. Shisha kuwa, da maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana tun 2018, duk wanda ya ce miki suna washe murya, wallahi cutarki yake yi. Ki sha ruwa sosai, ki ɗumama murya a hankali kafin ki fara rerawa, ranar da ta dishe kuma ki yi shiru ko da za ki rasa kuɗin wannan bikin. Dishewar da ta wuce mako biyu ko uku ta wuce zuma da lemun tsami. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna ciki, ki je su duba ki.

Abin da ya rufa wa Julie asiri shi ne tun 1971 ta fara rubuta littattafan yara. Da waƙa ta gagara, ta ci gaba da rubutu tare da 'yarta Emma, ta kuma ci gaba da fitowa a fim. Ke ma tun yanzu da muryar ke hannu, ki zauna kusa da mai haɗa kiɗa ki koyi yadda yake aiki, ki riƙa rubuta baitocinki da kanki, kuma don Allah kada ki ajiye makaranta saboda waƙarki ɗaya ta zaga TikTok.