Sun ɓata doka, mu kuma muke biyan tara

Duk mai neman abinci da sitiyari a Indiyanapolis, babban birnin jihar Indiyana ta Amurka, ya san taro ne ke riƙe da garin nan. Ba mu da teku, ba mu da duwatsun da ake zuwa kallo. Abin da muke da shi babban zauren taro ne a tsakiyar gari, da otal-otal kewaye da shi, da filayen wasa. In baƙi sun cika gari, mai tasi ya samu, mai wanke kwanuka ya samu, matar da ke gyaran gadaje ta samu ƙarin awanni. In taro ya koma wani gari, sai mu jera motoci a bakin otal muna kallon juna. Shi ya sa har yau zuciyata ke tafasa in na tuna abin da aka yi mana a 2015.

Ranar 26 ga Maris, 2015, Gwamna Mike Pence ya sa hannu a kan dokar da aka kira ta 'yancin addini. A rufe aka yi bikin, ba a bar 'yan jarida sun shiga ba. Kafin nan an kawo gyara a majalisa cewa a rubuta ƙarara ba za a fake da dokar a hana kowa ciniki ba, masu rinjaye suka yi watsi da shi. Kwana uku bayan sa hannu, ɗan jarida George Stephanopoulos ya yi ta tambayar gwamna a talabijin: mai sayar da furanni zai iya korar masu auren jinsi ɗaya, e ko a'a? Ya maimaita, ya sake maimaitawa, amsa ta gagara. To in wanda ya sa hannu ya kasa cewa a'a, me ake so duniya ta ɗauka?

Nan fa wuta ta kama. Shugaban Apple, Tim Cook, ya yi tir. Kamfanin Salesforce ya ce ya daina tura ma'aikata jihar. Angie's List, kamfanin garin nan, ya dakatar da faɗaɗa ofishinsa na dala miliyan 40. Gwamnonin Connecticut da New York da Washington suka hana a zo nan da kuɗin gwamnati. Jaridar Indianapolis Star ta cika shafinta na farko da kiran a gyara yanzu-yanzu. Ranar 2 ga Afrilu aka yi wa dokar kwaskwarima a gurguje, ana saura kwana biyu a fara wasannin ƙarshe na ƙwallon kwandon jami'o'i a garin.

Sai aka ce mana komai ya wuce. Bai wuce ba, wallahi. Manyan taruka tun da shekaru ake kama musu wuri, saboda haka asarar a hankali take zuwa. Hukumar yawon buɗe ido ta garin ta ƙiyasta cewa taruka 12 sun suɓuce, kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 60. Wannan kuɗin ba daga aljihun 'yan majalisa zai fita ba. Matata a wani otal take aiki, kuma duk makon da aka ga ɗakuna ba su cika ba, sunanta ne farkon wanda ake gogewa daga allon aiki, da saƙo ɗaya a waya da daddare. Mai gida kuwa ba ruwansa da siyasa, ranar ɗaya ga wata yana nan.

Ni Musulmi ne. Matsayin addinina kan auren jinsi ba ɓoyayye ba ne, ban kuma sauka daga kai ba. Amma ba wanda ya taɓa cewa in ɗaura wa wani aure. Aikina in kai mutum filin jirgi lafiya, in sauke masa jaka, ya biya ni. Ban taɓa tambayar fasinja da wa yake kwana ba, kuma ba na so a ba wani lasisin tambayata wace alƙibla nake fuskanta kafin ya sayar min da abu. Mun san zafin wannan. An taɓa barin matata tsaye a wani shago da hijabinta, mai shagon yana ta sallamar waɗanda suka zo bayanta, yana kauda kai kamar ba mutum a wurin, har ta ajiye kayan a kan kanta ta fito da hawaye. Ƙofar da aka buɗe don a kori ɗan luwaɗi, ta nan za a bi a kore mu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne sunan da aka ɓata. Dokar 'yancin addini ta tarayya ta 1993, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu bayan majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 97 da 3, ta samo asali ne daga shari'ar wasu mutum biyu da aka kora daga aiki a Oregon saboda ibadar cocin 'yan asalin ƙasar. Garkuwa ce ta marasa ƙarfi a gaban gwamnati. A Janairun 2015, da wata doka 'yar uwarta, Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ba wani fursuna Musulmi a Arkansas damar barin gemu. Ta Indiyana kuwa sai aka miƙa ta har ga kamfanonin riba, har cikin rigimar da gwamnati ba ta ciki. Yanzu ka ce "'yancin addini" a gaban abokin aiki, sai ya yi maka wani kallo. Kuma a Nuwamba na shekarar, gwamnan nan ya yi yunƙurin toshe zuwan 'yan gudun hijirar Siriya, sai da kotu ta taka masa birki. Ina 'yancin addinin ya tafi a ranar?

Masu ƙauracewa ma ba zan wanke su ba. Kuna zaune a Kalifoniya kun soke tafiya, kun ji daɗi a ranku, alhali wanda kuka hana abinci shi ne mai share zauren taro, wanda wataƙila ko ƙuri'a ba shi da ita. Waɗanda suka yi ta yi wa wani shagon fiza na garin Walkerton barazana, don masu shi sun ce ba za su kai abinci bikin auren jinsi ɗaya ba, har ya rufe na ɗan lokaci, me suka samu? An tara wa masu shagon fiye da dala dubu 800.

Kwaskwarimar ma ba ta kafa dokar da ta kare masu neman jinsi ɗaya a duk faɗin jihar ba, sai garuruwa irin namu da ke da tasu tun da. A watan Maris na 2016 an kusa maimaita wannan a jihar Jojiya, sai da Disney da hukumar wasan ƙwallon Amurka ta NFL suka ɗaga murya kafin Gwamna Nathan Deal ya ƙi sa hannu. A can ma ban ji an tambayi mai tasi ko mai gyaran gado ba.