Ranar da na kashe Baba mai goro

Tunda kowa a majalisar ataya yana ba da labarin nan yadda ya ga dama, bari ni da abin ya faɗa wa in ba da nawa.

Kun san wata uku na yi ina neman inda zan rataya hotunana a nan Accra. Osu, Labone, East Legon, ba inda trotro, motar haya, bai sauke ni ba. Wani wuri aka ce layi ya kai baɗi, wani wurin wata mai gilashi ta ce in rubuto "falsafar aikina". Ni da nake ɗaukar hoton suna da biki in samu na koko! Dikan kaɗai nake shiga in huta, ɗakin karatun hotunan nan da Paul Ninson ya buɗe a Osu a 2022. A can nake zama ina kallon aikin James Barnor, mai ɗaukar hoton nan da ya buɗe shagon hoto na Ever Young a Jamestown tun shekarun 1950, ina ce wa kaina ai shi ma a unguwa ya fara.

Sai mutuminku, ba sai na kira suna ba, wanda ya je bikin fasahar titi na Chale Wote sau ɗaya ya dawo yana mana lacca, ya ce, "Cale, bango kyauta ne. Manna su a Nima kawai." Na ɗauki kuɗin fom ɗin NAFTI, makarantar koyon fim, da Kawu ya ba ni, na je Circle na bugo hotuna 12, manya, baƙi da fari, kowanne da baƙin layi a gefe. Duk tsofaffin masu sana'a ne: wanzami, maɗinkin hula, mai gyaran rediyo, da Baba mai goro a tsakiya. Taken ma shi ya zaɓa mini: "Ba za mu manta da ku ba." Sana'o'in nake nufi, wallahi sana'o'in. Daren Talata muka manna, don Laraba ce kasuwar Nima.

Da safe na goge kaftanina, na fesa turare, na rataya kyamara. Tun daga nesa na hango taro ya cika bakin bango har ya tare hanyar masu aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya. Kaina ya kumbura. Na matso na ga mata sun ɗora hannu a ka, wata tana share hawaye da gefen mayafi, na ce a raina, lallai aiki ya ratsa zukata. Har na gyara tsayuwa don a gane ni ne mai shi.

Sai na ji Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, tana cewa, "Innalillahi! Jiya-jiyan nan ya ci a wurina, har da ƙwai." Wani dattijo ya dafa ni ya ce, "Yaro, mota ce ta kife da su gaba ɗaya? Hanyar Kumasi ce?" A nan ne na tuna irin fastocin da ake mannawa a bangon Accra: in ba ɗan takara ba ne, to mamaci ne. Na waiga neman mutuminku, sai ga shi can bayan mai kosai yana ɗaukar bidiyo.

Ban gama haɗa bayani a bakina ba taro ya dare biyu. Baba ne, da sandarsa, fuska ko ruwan wanka bai bushe ba, domin yana banɗaki masu ta'aziyya suka fara sallama a gidansa. Wata mata ta ƙwalla ihu ta arce ta bar takalmi ɗaya. Baba ya tsaya gaban hotonsa, ya daɗe yana kallo, ya tauna goro, ya tofar, sannan ya ce, "Wa ya kashe ni?"

Ba wanda ya yi magana. Baki kawai aka riƙa turowa wajena, kamar an haɗa baki.

"Kai ɗan gidan wa ne?" Na faɗa. "Af, jikana ne ma. To jikana, ka kashe ni ban ce komai ba, rai na Allah ne. Amma da wannan hular? Hula nawa gare ni, sai wadda ɓera ya ci?" Na durƙusa da gogaggen kaftanin nan a bakin kwata ina "Baba, a yi haƙuri, fasaha ce." Ya ce, "Fasa me?"

Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne tela ɗin nan na bayan masallaci. Shi ya fi kowa kuka, yana rantsuwa Baba na bin sa sidi 200, Allah ya sa ya yafe kafin cikawa. Baba ya juya ya ce, "Ban yafe ba, kawo." A take ya biya, gaban jama'a. Yanzu ni yake gaba da ni, wai ni na jawo masa asara, wandona biyu suna shagonsa tun kafin azumi ya ƙi taɓawa. Mutum ya ci bashin tsoho shekara guda, laifin kyamara ne?

Kawu bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in kawo rasit ɗin fom, kuma kullum muka haɗu a masallaci sai ya miƙo hannu. Ina tunanin komawa Kumasi in nemi sashen fasaha na jami'ar KNUST, inda mai fasahar nan Ibrahim Mahama ya yi karatu, in zauna wajen gwaggona a Aboabo inda ba a san ni ba. Sai shekaranjiya ta turo mini bidiyon ta WhatsApp tana tambaya ko ni ne.

Hoton kuwa Baba ya ɓanɓare shi ya rataya a rumfarsa, ko pesuwa bai ba ni ba. Sauran 11 ruwa ya ci. Hajiya har yau tana zuba mini waakye, amma in ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska.