Karatun digiri na biyu a Landan: a nemi ɗaki tun kafin a nemi biza

Duk shekara, daga wajen watan Yuni zuwa Agusta, shafukan sada zumunta sukan cika da hotunan takardun samun gurbin karatu a jami'o'in Birtaniya, ana ta yi wa masu su barka da addu'ar Allah ya sa a gama lafiya. Ina taya su murna har zuciya. Sai dai na lura cewa mafi yawan matasanmu sukan ƙarar da ƙarfinsu da tunaninsu a kan abubuwa biyu, wato samun gurbi da samun biza, su bar maganar wurin kwana sai an sayi tikitin jirgi, alhali a birni irin Landan wurin kwana shi ne abin da ya fi kowane abu iya rusa karatun mutum. Ra'ayina shi ne duk wanda bai san inda zai kwana ba, da nawa zai biya, da wanda zai tsaya masa a wurin mai gidan haya, to bai gama shirin karatun ba, ko da kuwa bizarsa tana hannunsa.

Shirin takardu ba shi ne ya fi wahala ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Akwai neman cikakken sakamakon digiri na farko daga jami'ar da mutum ya gama, wanda ya kamata a fara da wuri domin yakan ɗauki lokaci, da wasiƙun shaida daga malamai, da jarrabawar Turanci ta IELTS ga jami'o'in da ba su karɓar sakamakon WAEC a madadinta, da gwajin tarin fuka da ake wajabta wa masu nema daga Nijeriya. Mai neman tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya kuma ya san ana buƙatar ya yi aiki na aƙalla shekara biyu kafin ya nema, kuma zai koma gida na shekara biyu bayan ya gama. Waɗannan duka a rubuce suke, kuma mai haƙuri zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda ake yawan ruɗuwa shi ne lissafin kuɗi. Hukumar shige da fice ta Birtaniya tana buƙatar ɗalibi ya nuna yana da kuɗin zama, ban da kuɗin makaranta, kuma kuɗin su yi kwana 28 a jere a asusunsa. Na shekaru da dama adadin ga mai karatu a Landan fam 1,334 ne a kowane wata, sannan a watan Janairun 2025 aka ɗaga shi zuwa fam 1,483, kuma tun daga lokacin bai tsaya nan ba. Abin lura shi ne na wata tara kawai ake neman a nuna, wato fam 13,347 a lissafin farkon 2025, alhali digiri na biyu a Birtaniya wata goma sha biyu ne, daga Satumba zuwa Satumba, kuma watanni ukun ƙarshe su ne na rubuta kundin bincike, lokacin da ɗalibi ya fi bukatar kwanciyar hankali. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan adadi a matsayin abin da zai ishe su, alhali ƙa'idar samun biza ce kurum. A 'yan shekarun nan matsakaicin kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a Landan, kamar yadda alƙaluman SpareRoom, shafin tallar ɗakunan haya, suke nunawa, yana yawo ne a kusa da fam 1,000 a wata. Idan aka cire wannan, sai a duba abin da ya rage na abinci da sufuri da waya da tufafin sanyi. Kuma kada a manta da kuɗin inshorar lafiya da ake biya tare da biza, wanda tun watan Fabrairun 2024 ya zama fam 776 a kowace shekara ga ɗalibi.

Mu da muke samun kuɗinmu da naira muna da ƙarin haɗari wanda ɗalibin wata ƙasa ba lallai ya fuskanta ba. Bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, iyalan da suka yi lissafinsu a kan dala ɗaya ƙasa da naira 500 sun wayi gari a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Nijeriya na Jami'ar Teesside ya bazu, inda aka dakatar da wasunsu daga karatu aka kuma sanar da hukumar shige da fice saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Teesside tana garin Middlesbrough ne, a arewa maso gabashin Ingila, inda haya ba ta kama ƙafar ta Landan ba. In haka ta faru a can, to wanda zai zauna a Landan yana dogaro da abin da za a riƙa turo masa daga gida wata-wata ya kamata ya sake tunani. Wasu kuma sukan ce za su yi aiki su biya haya, amma bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda a yi aiki a mako lokacin da ake karatu, kuma aikin ba ya jiran mutum a filin jirgi.

Sai babbar maganar da muka fi faɗa wa juna: ai akwai ɗan'uwa a can. A Kano ko Zariya wannan magana ce mai ƙarfi, domin baƙo ya sauka a shagon samari ko a ɗakin soro ya yi wata shida ba wanda zai ɗaga masa gira. A Landan ɗan'uwan nan shi ma ɗan haya ne, kuma takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta ƙayyade waɗanda za su zauna a gidan. Gidan da mutum biyar ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba suke zaune a ciki sai da lasisin ƙaramar hukuma, don haka ƙarin mutum ɗaya yana iya jefa mai gidan cikin matsala, shi kuma ya huce a kan wanda ya kawo baƙon. Ɗan'uwa zai karɓe ka na mako ɗaya ko biyu da farin ciki, amma ɗora masa zaman wata uku zalunci ne wanda kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, kuma zumunci da yawa ya yi tsami ta wannan hanya.

Shawarata ga wanda zai je karon farko, musamman mata, ita ce a nemi ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a da zarar an karɓi gurbi, tun kafin maganar biza ta kankama, domin jami'o'i suna da ranar rufe nema, kuma ba kowace ce take lamunce wa ɗaliban digiri na biyu ɗaki ba. Na san sau da yawa ya fi ɗakin unguwa tsada a ido. Amma a cikin kuɗinsa akwai wuta da ruwa da intanet da ɗumama ɗaki, ba a kuma cika matsa wa ɗalibi ya kawo mai tsaya masa ba, sannan kwangilar 'yan digiri na biyu takan kai mako 50 ko 51, wato har lokacin kundin bincike. A wurin cike takarda ana iya roƙon sashen mata zalla ko na maza zalla, kuma ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai taɓa raba ɗakin girki da firiji da mutanen da naman alade da giya suke cikin abincinsu na yau da kullum ba, gara ya san da haka tun yana gida, ya yanke shawarar abin da zai iya jurewa.

Wanda ya zaɓi hayar gidan unguwa kuwa, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne maganar mai tsaya masa, wato mazaunin Birtaniya mai albashi wanda zai sa hannu cewa zai biya in ɗalibin ya gaza. Sabon zuwa ba shi da irin wannan mutum, shi ya sa aka daɗe ana neman ɗaliban waje su biya hayar wata shida ko fiye a dunƙule. Sabuwar dokar 'yan haya da aka zartar a 2025 ta nufi hana masu gidaje karɓar fiye da hayar wata ɗaya a gaba, kuma ina ganin hakan zai sa su ƙara dagewa a kan mai tsayawa, ko su tura ɗalibi ga kamfanonin da suke tsaya wa mutum a biya su lada. Akwai kuma haƙƙoƙin da ya kamata a sani. Tun dokar 2019, kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna ba ya wuce hayar mako biyar a irin gidajen da ɗalibai suke kamawa, kafin alƙalami ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuma dillali ba shi da ikon karɓar kuɗin nuna gida ko na rubuta yarjejeniya, saɓanin abin da muka saba da shi a gida. Wajibi ne mai gida ya sanya kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Amma wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan yake zaune a ciki ba ya samun wannan kariya, kuma ana iya sallamarsa cikin ɗan gajeren lokaci. Ɗalibin cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma, sai dai shi ne zai karɓo takardar shaida daga jami'a ya miƙa.

Kada a tura ko sisi don ɗakin da ba a gani ba. 'Yan damfara sun san lokacin da ɗalibai suke cikin ruɗu, sukan kwashi hotunan gidajen wasu su sa a Facebook da farashi mai sauƙi, su ce mutane da yawa suna layi. A nan ne ɗan'uwan da ke can yake da amfani na gaske: ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin, ya duba ko bango yana tsatsafar da ruwa, ya tabbatar na'urar ɗumama ɗaki tana aiki.

Nisa ma kuɗi ne. An raba Landan shiyya-shiyya wajen biyan kuɗin jirgin ƙasa, kuma manyan jami'o'i irin su UCL da SOAS da LSE da King's suna tsakiyar birni, a shiyya ta ɗaya. Ɗaki mai araha a shiyya ta huɗu ko ta biyar yana iya mayar da rarar da aka samu ta tafi a sufuri, ko da an sami katin biyan kuɗin sufuri na Oyster na ɗalibai mai rangwamen kashi 30 cikin ɗari a kan tikitin mako ko na wata. A watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma wanda zai yi tafiyar awa ɗaya da rabi cikin duhu da sanyi yakan fara ƙauracewa ɗakin karatu ba tare da ya ankara ba. Unguwanni irin su Peckham da Woolwich suna da 'yan Nijeriya da yawa da shagunan kayan abincinmu, Whitechapel kuma tana da babban masallacin gabashin Landan da mahauta masu naman halal, don haka ya dace a sa su cikin lissafi.

Masu iyali su sani cewa tun watan Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na darussan aji ba ya iya tafiya da mata da 'ya'ya, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ma'anar wannan ita ce gida biyu mutum zai riƙe a lokaci ɗaya, ɗaya da fam ɗaya da naira.

Idan aka yi lissafin nan da gaskiya aka ga bai fita ba, ba dole sai Landan ba. Akwai jami'o'i masu ƙarfi a Sheffield da Leeds da Nottingham da Newcastle, inda haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ita kanta hukumar shige da fice fam 1,136 a wata ta nema ga mai karatu a wajen Landan a farkon 2025. Jami'o'i da dama kuma sukan yarda a ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa idan aka rubuta musu da wuri, kafin su fitar da takardar da ake neman biza da ita.