Suna ya maƙale a baki: ba lalacewar ƙwaƙwalwa ba ce

Ana shan shayi a fada a Yamai, kana son ambaton wani tela. Ka san fuskarsa, ka san shagonsa, har ka san da "M" sunan ya fara, amma ya ƙi fitowa. Sai wani ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwa ta fara tafiya." Ba haka ba ne.

Kalma ba a dunƙule take fitowa ba. Yadda Willem Levelt, masani ɗan ƙasar Holan, ya bayyana a 1989, ƙwaƙwalwa kan fara tsara ma'ana, ta zaɓi kalmar da ta dace, sannan ta ɗauko sautukanta ta jera su gaɓa-gaɓa kafin harshe ya motsa. In hoto aka nuna maka ka faɗi sunansa, duk wannan ɗan fiye da rabin daƙiƙa ne. A maƙalewa, an sami ma'ana, an sami kalma, ɗauko sauti ne ya tsaya rabi. Tun 1966 masu bincike Brown da McNeill suka nuna mai wannan hali kan cinki harafin farko da yawan gaɓoɓi daidai.

Sunayen mutane suka fi yin haka, don sunan Musa ba ya gaya maka komai game da Musa. Mai juya Hausa, Zabarmanci da Faransanci kullum ma ya fi gamuwa da shi, domin amfaninsa da kalmomi ya rabu gida uku. Tsufa na ƙara yawansa, gaskiya, amma samari ma suna yi.

Matsa wa kai sau da yawa wani suna makamanci yake jawowa ya tare hanya. Gara a saki zancen, ko a bi haruffa ɗaya bayan ɗaya. In kuwa magana ta rikice farat ɗaya, baki ya karkace ko hannu ya mutu, wannan asibiti ne nan take.