Tarin Fuka a Asibitocinmu: Wa Ke Kare Masu Kula da Marasa Lafiya?

Duk wanda ya taɓa zuwa babban asibitin gwamnati da safiyar Litinin ya san yadda wurin karɓar kati yake. Mutane jere a kan benci kafaɗa da kafaɗa, tagogi a rufe saboda ƙurar hunturu, ga wani dattijo a gefe yana ta tari cikin hannun rigarsa, wataƙila ya fi wata guda yana fama, amma babu wanda ya tambaye shi. Shi dattijon zai ga likita ya koma gida. Mai rubuta kati kuwa, da nas ɗin da ke awon jini, da matar da ke shara, a cikin iskar ɗakin nan za su wuni, gobe ma su dawo, haka har shekara ta zagayo.

Ina ganin a nan haɗarin tarin fuka ya fi yawa ga ma'aikatan lafiya, ba a ɗakin da aka kwantar da masu cutar ba. Ƙwayar cutar tana fita ne idan mai ita ya yi tari ko atishawa, kuma tana iya ɗaukar sa'o'i tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Wanda aka gano cutarsa aka ɗora shi a kan maganin da ya dace, cikin ɗan lokaci yake rage yaɗa ta, kuma masu kula da shi sun san da wa suke hulɗa. Wanda ba a gano ba shi ne abin tsoro, kuma irinsa suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da cutar a 2023, ta kashe kimanin miliyan 1.25, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ɗauke da ita.

Abin da ya faru a garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu ya isa ishara. A 2006 aka bayyana cewa daga cikin mutum 53 da aka samu a can da nau'in tarin fuka mai bijire wa kusan dukkan magunguna, 52 sun rasu, har da ma'aikatan lafiya, kuma alamu sun nuna da yawansu a asibiti suka ɗauka.

Da zarar an tayar da wannan magana sai a ce babu kuɗi, alhali matakin da ya fi tasiri shi ne mafi araha. A sa mutum ɗaya a ƙofa ya riƙa tambayar masu shigowa ko suna tari, a ba mai tari takunkumi, a zaunar da shi a rumfa mai iska, a gaggauta karɓar kakinsa. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert, wadda ake da ita a asibitoci da dama a ƙasar nan, tana ba da sakamako cikin kamar sa'a biyu, har ta nuna ko ƙwayar tana bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar. To me zai sa mai tari ya wuni a tsakiyar jama'a yana jiran layi?

Sai batun iska, wanda a nan ne muke cutar kanmu da sunan ci gaba. Wani bincike da aka yi a asibitocin birnin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a 2007, ya gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai ya fi na'urorin zuƙe iska masu tsada sabunta iskar ɗaki, kuma tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi su ne suka fi. Mu kuwa idan an zo gyaran asibiti sai a rage tsawon silin, a liƙe tagogi, a kafa na'urar sanyaya ɗaki wadda iska ɗaya take juyawa, kuma idan aka ɗauke wuta ɗakin ya koma tukunya. Takunkumin N95, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, yana da muhimmanci, musamman a ɗakin gwaji da wurin karɓar kaki, amma ba zai gyara ginin da aka toshe ba. Allurar rigakafin tarin fuka ta BCG da aka yi mana muna jarirai ma ba ta ba babba kariyar da zai dogara da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da ma'aikaci ke shiga idan ya kamu. Da yawa ɓoyewa suke yi, su je wani asibitin nesa su karɓi maganin wata shida a asirce, don gudun kada abokan aiki su ƙaurace musu ko a fara raɗe-raɗin cewa suna da cuta mai karya garkuwar jiki. Ta haka ba a ƙirga su, abin da ba a ƙirga ba kuwa ba ya shiga kasafi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya tarin fuka cikin jerin cututtukan da ake ɗauka a bakin aiki a 2010, a shekarar da Najeriya ta yi dokar biyan diyya ga ma'aikata. Ya kamata ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya, waɗanda suka iya fafutukar alawus ɗin haɗari, su nemi a riƙa duba kowane ma'aikaci aƙalla sau ɗaya a shekara cikin sirri, a ba wanda ya kamu hutun jinya da cikakken albashi, a kuma ɗauke mai raunin garkuwar jiki daga wuraren da suka fi haɗari ba tare da an tona asirinsa ba.

Kuma kada a tsaya kan masu farar riga. Ɗalibai masu koyon aiki, da masu tura marasa lafiya a keke, da masu wankin zanin gado duk iskar suke shaƙa. Matar nan mai shara, wadda sau da yawa ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ta, sunanta ba ya cikin rajistar ma'aikatan asibitin, ba a kiranta wurin horo, ba a lissafa da ita idan ana rabon takunkumi, kuma ranar da tari ya kwantar da ita wata za a kawo ta karɓi tsintsiyar.